Wa ya taɓa haɗa CO2 a tankin kifi a nan Jos? A taimaka kafin in kashe 'yan kifina

Ɗan Rikkos: Salam jama'ar gida, dan Allah shawara nake nema. Tankina lita 120 ne, akwai tetra da gupi a ciki, na dasa Monte Carlo a gaba Rotala a baya, to ita Rotalar tsawo kawai take yi siririya ganyen ƙasa na zubewa, shi kuma Monte Carlo ya ƙi shimfiɗuwa, gansakuka ce kaɗai ke cin kasuwarta a jikin gilas. Wani abokina ya taho min da regileta daga waje mai agogon matsi biyu da solenoid (bawul mai buɗewa da rufewa da wuta) a jiki, har da difyuza ta gilas mai watsa gas a cikin ruwa, don in riƙa ba shukar CO2. Silinda ce ba ni da ita. Akwai tsohuwar tukunyar gas ɗin girki 6kg a gida tana zaune kawai, zan iya kai ta a ɗura min CO2? Sannan kumfa nawa ake saki a sakan ɗaya?

Mai Walda Dilimi: Kai ƙanina tsaya nan tukuna, bar maganar kumfa. Kar ka kuskura ka sa CO2 a tukunyar girki, ko wani ya ce zai ɗura maka ka gudu. Gas ɗin girki matsinsa bai cika wuce bar 10 ba, shi kuwa CO2 a cikin silinda yana wajen bar 60 a ɗaki mai sanyi sanyi, in ya sha zafi ya fi haka. Duba tukunyar girkin da kyau za ka ga layin walda a cikinta kuma ƙarfen ba kauri, silindar CO2 ƙarfe ɗaya ne mai kauri ba ɗinki. Bam za ka haɗa a falo wlh.

Ɗan Rikkos: Innalillahi. To oga na ji, na bar ta. Ina zan samu ta gaskiyar?

Mai Walda Dilimi: Hanya mafi sauƙi ka je wajen masu sayar da kayan kashe gobara ka ce na CO2 kake so, 2kg ko 5kg. Yadda za ka gane shi, yana da baƙin ƙaho mai faɗi a baki kuma ba shi da agogo a wuya. In ka ga ɗan agogo mai kore da ja to na hoda ne ko na ruwa, ba naka ba ne. Ka tafi da regiletarka a hannu a gwada zaren a gabanka, don na Amurka CGA320 ne, na Turai kuma W21.8, a ido kamar ɗaya suke amma in ka tilasta zaren zai ci. Kuma kar wani ya haɗa ka da gas ɗin da aka gauraya da argon na walda, tsantsar CO2 kake so.

Na Kubwa: Oga mai walda ai na ji an ce na kashe gobara yana da bututu a ciki har ƙasa, ruwan gas ɗin yake jawowa, ba zai kashe regileta ba?

Mai Walda Dilimi: Bututun yana nan, gaskiya ne. Masu tankin kifi da yawa a Ingila da shi suke aiki a haka saboda abin da ake ja ɗan mitsitsi ne. Amma in ya samu silinda mara bututun mai bawul na murɗawa, irin ta masu injin lemo, ta fi, ni ita zan zaɓa. Ko wacce ce dai a tsaye take zama, a ɗaure ta da bel a jikin katako, ba a kwantar da ita tana aiki.

Baban Ikram: Assalamu alaikum. Ni dai in za a ji ta tsoho, yaron nan bai buƙatar wani gas. Tankina ya daɗe, Anubias ne da Java fern da Vallisneria da bado ja a tsakiya, kainuwa a sama, ban taɓa sa masa komai ba sai canjin ruwa kuma duk wanda ya shigo falon sai ya tsaya kallo. Shi Anubias ɗin nan da kuke sayowa da tsada ai ɗan yankinmu ne, a rafukan kudancin Najeriya da Kamaru yake fitowa a inuwa, wa ke hura masa silinda a can? Matsalarka fitila ta yi yawa. Ka rage haske gansakuka za ta ja baya. Ku yaran yanzu komai sai kun sa masa waya da agogo.

Ɗan Rikkos: Ranka ya daɗe Alhaji na gode, amma gaskiya kafet ɗin nan na Monte Carlo kore shar nake so a gaba, shi ya sa ni cikin harkar tun farko.

Baban Ikram: To ai shi ke nan, kafet kuma akwai a Terminus, a yadi ake sayarwa.

Na Kubwa: Hhhh Alhaji ka gama da shi

Malamar Kimiyya: Alhaji yana da gaskiya a rabi, ku bar ni in faɗi ɗayan rabin. Tsiro abu uku yake haɗawa ya yi girma, haske da taki da carbon, duk wanda ya yi ƙaranci shi ke riƙe sauran. Tanki irin na Alhaji CO2 ɗin cikinsa bai wuce 2 zuwa 3 ppm ba (wato mg a kowace lita), daga numfashin kifi da ruɓewar datti, kuma shuke shukensa masu tafiyar hawainiya ne, wannan ya ishe su. Ita kainuwa ma ba ruwanta, ganyenta a waje yake, daga iska take sha. Amma kai ka kunna fitila mai ƙarfi a kan Rotala da Monte Carlo, ka ce su yi gudu ba ka ba su carbon ba, to sun tsaya, gansakuka ta karɓi hasken. Ko dai ka rage fitila ka koma irin shukar Alhaji, ko ka sa gas ka kai wajen 30 ppm lokacin da fitila ke kunne. Tsakiya ce ba ta da daɗi.

Maganar kumfa nawa a sakan kuma, ba ma'auni ba ne, don girman kumfa ya bambanta daga wannan kwalbar ƙirga kumfa zuwa waccan. Amfaninta kawai ka san ka ƙara ko ka rage. A lita 120 fara da ɗaya a sakan, ka sa ido. Abin aunawa na gaskiya shi ne drof ceka, ɗan ƙoƙon gilas ɗin nan da ake mannawa a ciki. Shuɗi gas ya yi kaɗan, kore daidai, rawaya ya yi yawa ka rage maza. Sai dai yana makara, launin da ka gani yanzu labarin awa ɗaya ko biyu da suka wuce ne, saboda haka kar ka zauna kana murɗa bawul duk minti goma.

Ɗan Rikkos: Malama akwai shi a cikin kwalin, da wata 'yar kwalba mai shuɗin ruwa. Ruwan tankin zan zuba a ciki in ɗiga?

Malamar Kimiyya: A'a, nan mutane ke ruɗewa. Karanta jikin kwalbar, in an rubuta 4 dKH (ma'aunin KH, wato yawan carbonate a ruwa) to haɗaɗɗe ne, zuba kawai. In kuwa zallar bromothymol blue ce sai ka haɗa ruwan da kanka: bekin soda giram 1.2 a lita ɗaya ta tataccen ruwa, ka ɗebi 100ml daga ciki ka cika da 900ml na tataccen ruwan, wannan shi ne 4 dKH. Ka nemi ma'aunin masu gwal ya auna maka, cokali ba zai yi ba. In wajen masu batir za ka sayi ruwan ka tabbatar ba mai asid suka ba ka ba. Dalilin da ya sa ba a sa ruwan tanki, ruwanmu na nan yawanci laushi gare shi tunda ƙasar duwatsun giranit ce, KH ƙasa yake, sai ka ga abin ya yi kore tun ba ka buɗe gas ba. In kana da abin auna pH, wato tsamin ruwa, ma akwai wata hanya, ɗebi ruwan tankin a kofi ka bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu ka auna, in ya ba ka misali 7.4 to burinka tankin ya sauka wajen 6.4 lokacin da gas ke aiki. Saukar maki ɗaya kenan, kar ka wuce.

Na Kubwa: Ni fa duk wannan kashe kuɗin ban yi ba. Robar lemo lita biyu, sukari kofi biyu, rabin ƙaramin cokali na yis, ruwa mai ɗumi, in huda murfi in sa tiyo, shi ke nan gas na fita sati biyu zuwa uku. Tankina lita 40 yana lafiya lau.

Yaron Farin Gada: Yallaɓai a Abuja kake shi ya sa. Zo ka gwada a nan cikin Disamba ko Janairu da hunturu ya sauko, dare ya kai digiri 10 ko kusa, yis ɗin barci yake, da safe ko kumfa ɗaya babu, sai rana ta take ya farka. Kai ma can cikin Maris da zafi ya haura 35 ai da gudu yake ƙarewa. Kuma ba ya kashuwa da dare, shi ne babban aibinsa. Wanda na fi yarda da shi a na gida shi ne sitirik asid da bekin soda, farin garin tsamin nan da masu haɗa lemo ke saya, shi bai damu da sanyi ba sosai kuma ana iya rufe shi. Amma a lita 120 kullum kana cikin haɗi, gara silindar.

Na Kubwa: Na yarda kan dare, ni da hannu nake zare tiyon daga ruwa kafin in kwanta

Yaron Farin Gada: Ranar da ka kwana a wajen biki fa?

Maman Sadiq: Ku yi haƙuri in shigo, ni ba tankin shuka gare ni ba, kifin zinare ne na yara, amma ina karantawa gabana na faɗuwa. Wannan abin ba shi ne iskar da ta kashe mutane a Kamaru ba? A ɗaki za ka ajiye kusa da yara?

Malamar Kimiyya: Ita ce Hajiya, tafkin Nyos, Agustan 1986, sama da mutum 1,700 suka rasu da dabbobi masu yawa, saboda iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ƙasa take bi ta kwanta. Amma a auna abin. Wanda ake sakewa a tanki a yini bai kai abin da mutum ɗaya ke fitarwa da numfashinsa ba, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoron shi ne silindar ta zube gaba ɗaya lokaci guda. Kilo 2 in ya zama iska ya ɗan haura mita kubik ɗaya, a ɗaki mai mita uku uku a rufe zai kai wajen kashi 4 cikin ɗari, wannan yana sa ciwon kai da haki da jiri, wanda ke kwance a katifa a ƙasa shi zai fara sha. Don haka ba a ɗakin kwana ba, a falo mai taga, a cikin kabad ɗin tankin da makulli, nesa da rana da hita.

Maman Sadiq: To Allah ya tsare. Ɗan Rikkos ka ji dai, makulli.

Ɗan Rikkos: In sha Allah Hajiya, a falo yake dama

Injiniya Rayfield: Na karanta duka, kowa ya yi maganar gas ba wanda ya taɓo abin da ke kashe wannan harkar a ƙasar nan, wato wuta. Duk bidiyon da kuke kallo a YouTube mutanen da ba a ɗauke musu wuta ne suka yi shi. Su sai su ce taima ta buɗe gas awa ɗaya ko biyu kafin fitila, ta rufe awa ɗaya kafin fitila ta mutu, shi ke nan. Daidai ne, haka ake yi, don da dare tsiro ba ya cin CO2, shi ma oksijin yake ja tare da kifi. Amma mu a nan taimar nan mai juyawa in an ɗauke wuta tsayawa take cak, in an kawo ta ci gaba daga inda ta tsaya, kwana biyu sai ka ga gas ɗinka na buɗewa ƙarfe biyun dare. Sayi ta dijital mai ɗan batir a ciki da ke riƙe lokaci.

Na biyu ka duba jikin solenoid ɗin kafin ka soka a bango. Tunda daga waje aka kawo, in 110V aka rubuta ka sa a 220 ɗinmu to ya tafi. In mai adafta 12V ne ka yi sa'a. In yana aiki zai ɗan yi ɗumi, ba komai ba ne. Kyawunsa in wuta ta tafi rufewa yake da kansa.

Na uku kuma shi ne wanda nake so ka riƙe ko ka manta sauran: gas da fitila da filta layi ɗaya za su hau. Ko duka a kan inbata ko duka a kan wutar gari. Kar ka sa solenoid a inbata filta na kan wutar gari, sai a ɗauke wuta ruwa ya tsaya cik, saman ruwa ba motsi, gas na ta shiga, ka dawo ka tarar da kifi a sama suna haki. Ni shawarata duka ukun a inbata, ba su da ci, filta da fitilar LED da solenoid gaba ɗaya da wuya su kai watt 60 a tanki irin naka. Hita ce mai shan batir, ita ka bar ta a wutar gari.

Baban Ikram: Kun ji ko? Daga kumfa an koma inbata. Gobe za a ce sai ya sa sola.

Injiniya Rayfield: Alhaji ai gaskiyar kenan, shi ya sa ban ce kowa ya yi ba. Wanda wutarsa ke zuwa yau awa uku gobe awa goma kuma ba shi da batir, wlh gara ya bi hanyarka. Gas ɗin da yau akwai gobe babu ya fi rashinsa illa, shi ke kawo baƙar gansakukar nan mai kama gefen ganye da itace, kuma in ta kama fitar da ita aiki ne. Gara 20 ppm kullum a lokaci ɗaya da 30 na ganin dama.

Baban Ikram: Yawwa, yanzu ka yi magana.

Malamar Kimiyya: In ƙara kan na Injiniya, kar ka kashe motsin saman ruwa wai don kar gas ya gudu. Bar bakin filta yana ɗan kaɗa saman, asarar gas ɗin ba ta kai ran kifi ba. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, matsin iska ya ragu, ruwa mai digiri 25 da zai riƙe oksijin wajen 8.3 mg a lita a Legas, a nan 7 da ɗan kai yake riƙewa. Kuma CO2 in ya yi yawa ba korar oksijin yake daga ruwa ba, jinin kifin ne ke kasa ɗauka. Ka ajiye ƙaramin famfon iska mai batir don daren da ba wuta.

Yaron Farin Gada: Tambaya, ruwan nan da ake sayarwa wai carbon na kwalba fa, irin Excel? Ko mutum ya riƙa tsiyaya ruwan soda?

Malamar Kimiyya: Na kwalbar ya fi aiki a matsayin maganin gansakuka, ba ya maye gurbin gas, kuma yana narkar da Vallisneria, kar Alhaji ya kusance shi. Ruwan soda kuwa Takashi Amano ɗan Japan da ya yaɗa salon ƙawata tankin kifi da shuke shuke, wanda ya rasu a 2015, ya ba da labarin da shi ya fara gwaji. Yana aiki amma lokaci guda yake zubowa ya wuce, ba abin yi kullum ba ne.

Ɗan Rikkos: Jama'a na dawo. Na samu na 2kg, zaren W21.8 ne ya hau lafiya, solenoid 12V ne alhamdulillah. Na haɗa, agogon farko ya tsaya wajen 850 psi (kusan bar 60 ɗin da oga ya faɗa), na biyu na sa shi 30. Na shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa sai ga kumfa na tasowa a wuyan goro inda regileta ta kama silinda, na ƙara ɗaurewa da sifana har yanzu yana yi kaɗan kaɗan. In naɗa farin tef ɗin masu famfo?

Mai Walda Dilimi: Kar ka sa tef, ba zaren ke riƙe gas a wajen ba, wosha ce. Rufe silinda, saki gas ɗin da ya rage a regileta, kwance ka leƙa cikin goron, akwai 'yar farar wosha ta roba mai tauri, ko ta faɗi a kwali ko ta zauna a karkace. Gyara ta ka ɗaure daidai, ba da ƙarfin tsiya ba. In ka gama buɗe ka rufe silinda ka bar shi ya kwana, in da safe allura ba ta sauka ba to ba yoyo.

Ɗan Rikkos: Oga ka gani kamar kana wajen, a karkace take. Yanzu shiru. Amma nidil bawul ɗin nan na saita kumfa akwai ban haushi, ɗan taɓawa kaɗan sai kumfa ta ɓarke.

Injiniya Rayfield: Haka yake, kamar neman tasha a tsohuwar rediyo, taɓa kaɗan ka jira minti biyu kafin ka sake. Ka sa cek bawul tsakanin difyuza da kwalbar ƙirga? In ba shi, duk sanda gas ya rufe ruwa zai riƙa rarrafowa baya har cikin solenoid. Duba kibiyar jikinsa ta kalli tanki. Tiyon ma ka sa na CO2 mai ɗan tauri, na famfon iska mai laushi yana zubar da gas kuma yana fincikewa. Difyuza a ƙasa, ɓangaren da ruwan filta zai kwashi kumfar ya zaga da ita.

Malamar Kimiyya: Fitila awa 6 kawai a farko. Ka fara ranar da kake gida tun safe, kana ƙarawa kaɗan kaɗan a cikin kwanaki har ya yi kore. Ka ga kifi sun taru a sama ko sun lafe ba sa son abinci, rufe gas, kunna famfon iska, canja rabin ruwa. Kuma ka shirya taki, da zarar sun samu carbon za su fara neman naitret da fosfet da potasiyam da sinadarin ƙarfe.

Ɗan Rikkos: Akwai ragowar NPK da yuriya na gonar dankalin babanmu, in ɗan barbaɗa?

Malamar Kimiyya: Haba ɗana, a'a. Takin gona akwai amoniya a ciki, yuriya ma can take komawa, guba ce ga kifi. Nemi na tankin kifi, ka fara da rabin abin da aka rubuta, kana canja rabin ruwa duk sati.

Baban Ikram: Ni dai ina nan, in kafet ɗin ya fito a turo hoto mu gani. In ya ƙi kuma ka zo gida in yanko maka Anubias kyauta.

Mai Walda Dilimi: Abu ɗaya kafin in koma aiki. Agogon farkon nan kar ya ruɗe ka, zai zauna wajen 850 har sai ruwan gas ɗin ciki ya ƙare sannan ya fara sauka, kuma agogo biyu ba ya nufin regileta mai mataki biyu ce, wasu masu mataki ɗaya in matsi ya faɗi sosai sai su tura sauran gas ɗin cikin tanki. Da ka ga allura ta fara gangarowa rufe ka kai ɗuri. In kana so ka san saura nawa ɗora shi a sikeli yau ka rubuta nauyin a jikin kabad. Ranar kai wa ɗuri kuma ka riƙe shi a tsaye a keke, kar ka bar shi a but ɗin mota cikin rana, kuma ka ce su auna a gabanka kar su wuce kilo 2.